Tsutsar Karan Dawa

Manoman Kahu da na sauran ƙasar Rano da Kibiya sun san dawar da kan tashi lafiya, sa'an nan tsakiyarta ta bushe tun ba ta fid da kai ba. Sau da yawa wannan aikin wata tsutsa ce, wadda masana ke kira Busseola fusca.

Uwar tsutsar nan irin malam-buɗe-littafi ce, amma ta dare. Launinta ƙasa-ƙasa ne, in ta buɗe fikafikai ba ta wuce inci ɗaya da rabi. A Afirka kaɗai ake samunta, kudu da Hamada, tun daga Nijeriya har Habasha da Afirka ta Kudu. Dawa da masara su ne abincin 'ya'yanta. Gero bai dame su sosai ba.

Da damina ta sauka sai uwar ta saka ƙwai tsakanin ganye da kara. Bayan kamar mako guda su ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsin su fara da ɗanyen ganye na tsakiya, shi ya sa akan ga huji a jere in ganyen ya buɗe. Daga nan su huda kara, su yi ta ci daga ciki. Dawar da ta tsira ma zangarniyarta ba ta cika, iska kaɗan kuwa ta karya ta.

To, ina suke shiga da rani? Suna nan kwance cikin busasshen kara wata shida ko fiye, watau cikin darni da rumfa da tarin karan bayan gida, har da wanda ake saye a kasuwa. Ruwa na zuba sai su rikiɗa, su fito da fikafikai, su nufi gona.

A 1980 masu binciken aikin gona na Samaru ta Zariya suka bayyana wata dabara. Da an gama girbi, ganye ya bushe amma kara da sauran ɗanyensa, sai a babbake shi sama-sama. Zafin ya kashe kusan 95 cikin 100 na tsutsotsin, karan kuwa bai lalace ba, ya yi darni da makamashi.

Wanda bai babbaka ba, ya baza karansa a rana, kada ya jingine shi a inuwa. Abin da ya saura a ƙone shi ko a ba dabbobi kafin ruwan fari. Amma fa aikin na gari duka ne, don tarin karan mutum ɗaya ya isa ya ɓata gonakin maƙwabta.