Wasiƙun Sababbin Ɗalibai daga Kimba, Jega da Maiyama

Jakar wasiƙunmu ta wannan mako ta cika da saƙonnin yaran da suka samu gurbin karatu da na iyayensu, mafi yawa daga Jega, Aliero da Maiyama. Saboda haka yau a nan za mu yada zango.

Wasiƙar farko daga Kimba ta fito, daga wani matashi da ya roƙi a sakaya sunansa. Yana cewa: "Malam, Allah ya ba ni gurbi a jami'ar Aliero, zan karanci ilimin sinadarai. Yayyena da suka riga ni shiga sun ce shekarar farko ta hutawa ce, maimaicin sakandare kawai ake yi, karatu sai aji biyu. Ga shi kuma Baba yana so in riƙa dawowa ina taya shi aikin albasa, tunda ba nisa. Yaya zan yi?"

To ɗana, barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Amma maganar yayyen nan naka, ka bar ta a inda ka ji ta. Ka ɗauko biro mu yi lissafi tare. A galibin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3, haka yake sauka har zuwa F, wadda ba ta da ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani 2, wani 3. Ana tara komai tun daga zangon karatu na farko har ranar da za ka fita, a raba, abin da ya fito shi ne CGPA ɗinka, kuma shi ke yanke matakin digirinka. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa. Babbar daraja ta biyu, wadda yawancin masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafin ƙaro karatu suke nema, daga 3.50.

Yanzu a ce ka yi sake, ka gama shekarar farko da 2.00, karatunka kuma na shekara 4 ne, nauyin kwasa-kwasan kowace shekara kusan ɗaya. Kafin ka kai 3.50, sai ka riƙe 4.00 cif a dukkan shekaru ukun da suka rage, lokacin da karatun ya fi tsauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta wuce ka, ko da A za ka yi ta ci har ƙarshe. Ka ga ashe shekarar da ake ce maka ta hutawa ce, ita ce mafi arhar maki. Lissafi, kimiyyar lissafi, sinadarai da darasin Turanci na gama-gari, ka taɓa jin ƙanshinsu a sakandare, a nan ya kamata ka cika buhunka. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Wani abin da ba a faɗa wa baƙo: jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ba ce. Maki 30, wani wurin 40, daga tes da aikin gida da aikin ɗakin gwaje-gwaje ake tara su. Wani malamin yakan shigo ranar da ya ga aji ya yi fayau, ya ce kowa ya yago takarda, minti goma an gama tes. Wanda ba ya nan ya rasa. Yawancin jami'o'i kuma suna da dokar sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Kai da za ka karanci sinadarai, ranar da aka jera muku kwalabe aka ce ku ɗiga wannan a kan wancan har launi ya juya, ka rubuta adadin da ka gani da idonka, wannan ba a aron sa daga littafin aboki.

Sai maganar gona, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Kusancin gida ni'ima ce, ba na musu. Tun da aka kafa jami'ar nan a 2006, yara da yawa na yankinmu da kuɗin zuwa Sakkwato ko Zariya zai gagara sun samu digiri suna cin tuwon gidansu. Sai dai ɗan Zuru ko ɗan Yawuri da ya zo Aliero ba shi da wurin zuwa, dole ya zauna ya yi abin da ya kawo shi. Kai kuwa suna, biki, jana'iza, dashe, ban ruwa, kowanne kiran waya ɗaya ne ka hau kabu-kabu. Ba na ce ka bijire wa mahaifinka ba, Allah ya kiyaye. Da zarar an kafe jadawalin lacca, ka kwafe shi da hannunka, ka kai masa, ka zauna ka karanta masa: wannan rana ina da aji tun ƙarfe takwas, wannan rana babu komai bayan azahar, ga makonnin jarrabawa. Dattijo in ya ga abu a fili, shi da kansa zai tsara maka ranakun da za ka zo.

Baba, in kana kusa da rediyo, Allah ya ƙara girma. Kai ka fi ni sanin cewa albasar da ta sha ƙishi tana ƙarama ba ta yin kai, ko an malale ta da ruwa daga baya. Karatun yaron nan yanzu aka dasa shi. Ranakun aji a ɗauki ɗan ƙwadago, Asabar da Lahadi da hutu kuma ga ɗanka.

Wasiƙa ta biyu daga wata yarinya ce 'yar Maiyama, wadda ta fara karatu a kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega. Ta ce: "Baba, gaskiya ba na fahimtar Turancin malamai, suna sauri. In na so yin tambaya sai in ji kunya, kada a yi mini dariya a ce ga 'yar ƙauye. Har na fara tunanin komawa gida."

'Yata, kada ki koma. Ki dubi ajin nan da kyau. Da yawa daga masu gyaɗa kai in malami yana magana, su ma ba su gane ba, kowa yana jiran wani ya ɗaga hannu. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, kunnenki ne bai saba ba, kuma kunne yana sabawa. Ki riƙa zuwa da wuri ki zauna a layin gaba, inda za ki ga bakin malami ki ga allo. Ki sayi ƙaramin littafi na daban, duk kalmar da ta wuce ki ki rubuta ta yadda kika ji, a daren nan ki nemo ma'anarta, kada ta kwana. Sunayen sassan jiki da na magunguna yawancinsu daga Latin da Girkanci aka ɗebo su, ɗan Legas ma haddace su yake yi kamar ke.

Ki nemi 'yan'uwa biyu ko uku masu natsuwa, ku riƙa zama bayan la'asar. Ɗaya ta rufe littafi ta yi wa sauran bayanin darasin da Hausa tsantsa, yadda jini ke fita daga zuciya ya zaga ya dawo, sannan kowa ta rubuta shi da Turanci ku duba wa juna. Wadda ta iya faɗar abu da harshenta ta gane shi. Gobe kuma in an tura ki asibitin karkara, da Hausar nan za ki yi wa mai juna biyu bayani.

Kunyar tambaya kuwa, ita na fi ji wa yaranmu tsoro fiye da talauci. Mun tashi an koya mana sunkuyar da kai gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ba ta hana neman sani ba. Jami'ar Aliero yanzu sunan Abdullahi ɗan Fodiyo take amsawa, Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. Duk zurfin iliminsa, sai da ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne, ciki har da yayansa Shehu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. A ƙasar da aka gaji wannan, ɗalibi ba shi da dalilin jin nauyin cewa, "Malam, ban gane ba." In tambaya a aji ta yi miki nauyi, ki rubuta ta, ki ɗauki ƙawarki ku je ofishin malami a lokacin aiki. Ku je ku biyu, kullum. In kuma wani, ko wane ne, ya nemi ki same shi a wani wuri, ko ya haɗa makinki da wata buƙata, kada ki goge saƙonsa, kada ki yi shiru. Ki faɗa wa iyayenki, ku kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Ga wani Alhaji ɗan kasuwa daga Jega. Ya ce wani mutum ya yi masa alkawarin samar wa ɗansa gurbi in ya ba da wani abu, kuma yana tambaya ko gaskiya ne gwamnati na ba ɗalibai rance.

Alhaji, ranka ya daɗe, ka riƙe kuɗinka. Gurbin da hukumar JAMB ta sani shi ne wanda ya fito a shafinta na CAPS, yaro ya shiga da kansa ya amsa, ya buga takardar. Wanda aka shigar ta bayan fage yakan yi shekarunsa lafiya, sai lokacin bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa. Ka sa ɗanka ya jera takardunsa a tabarma, ta WAEC ko NECO, ta JAMB, da lambar NIN, ya tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne da ke jawo zirga-zirga mai yawa. Kuɗin makaranta kuma ta hanyar da makarantar ta bayyana za a biya, ba ta asusun wani mutum ba, a adana rasit.

Rance gaskiya ne. A 2024 aka sa hannu a dokar, asusun NELFUND ke bayarwa, kuma babu kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata na kashewa. Biya yana farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Amma bashi ne, Alhaji, ba kyauta ba, ku zauna da yaron ku yi shawara kafin ya cike. In kai za ka riƙa ba shi, ka raba masa wata-wata, ka haɗa da gero, shinkafa da mai. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗi ba, in ka danƙa masa na zango guda, mako uku sun yi yawa.

Saƙonnin waya kuma, a gurguje. Mai tambaya daga Aliero ko dole sai da kwamfuta: a shekarar farko waya mai kyau da laburare sun wadatar, sai in kwas ɗinka na kwamfuta ne. Wanda ya ce a shagon intanet aka yi masa rajista: ka buga takardar kwasa-kwasan, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku ya duba ya sa hannu, domin kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka zauna jarrabawarsa ba a lissafa maka. Wata uwa daga Kimba tana fargabar abokan banza: Hajiya, ki san wanda ɗanki ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ki karɓi lambarsa, in sun zo hutu a ci abinci tare. In kin ga barci ya yi masa yawa, ido ya sauya, kuɗi ba ya zama, kada ki jira sakamako ya fito kafin ki yi magana.

Akwai doguwar wasiƙa daga wani da aka ba shi kwas ɗin da bai nema ba, yana so ya san ko zai iya canjawa. Ɗana, lokaci ya cim mana, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan ka ci gaba da shiga ajin da aka ba ka, domin masu duba takardar canji makinka na shekarar farko za su fara kallo. A huta lafiya.