Ya Yi Haske a Kwalba, Ya Dushe a Ɗigo

Tambaya: Malam, ina bincike kan kwaikwayon ƙwayar halitta. Na haɗa ruwan da aka tato daga cikin bakteriyar E. coli da DNA mai umarnin yin furotin GFP. A 'yar kwalbar gwaji koren haske yana fitowa sosai, amma da na bi da haɗin ta na'ura mai siraran hanyoyi ya rarrabu ɗigo-ɗigo a cikin mai, sai hasken ya dushe. In sayi wani haɗin ne?

Amsa: Kada ka ɓata kuɗinka tukuna. Haɗin da ya yi aiki a kwalba lafiyarsa ƙalau. Tun 1961 Nirenberg da Matthaei suka yi amfani da irin wannan ruwa wajen haɗa furotin ba tare da ƙwaya mai rai ba. Abin da ya sauya a wurinka shi ne bango.

Ɗigo mai faɗin maikiron 50 cikinsa kusan fikolita 65 ne. Idan ka kwatanta shi da maikirolita 10 a dunƙule, rabon bangonsa da cikinsa ya ninka wajen sau 50. Ke nan ribosom da enzayim kullum suna cin karo da iyakar ruwa da mai, kuma furotin da ya manne a can yakan warware, ya daina aiki. Don haka fara duba safaktan ɗinka, wato sinadarin nan dangin sabulu da ke hana ɗigogi haɗewa. Masu neman arha sukan zuba ɗanyen Krytox a cikin man HFE-7500. Ɗigogin za su fito da kyan gani, amma kan wannan sinadari yana da caji, yana janyo furotin zuwa bango. Nemi nau'in PFPE-PEG, wanda Holtze da abokan aikinsa suka bayyana a 2008, domin ɓangaren PEG yana shimfiɗuwa ta ciki ya hana mannewa.

Ga gwajin da zai rage maka wahala: ajiye na'urar gefe, ka girgiza haɗin da man a kwalba har su zama ɗigogi, ka duba a madubin ƙara girma. In sun dushe, laifin mai ne ko safaktan. In sun yi haske, koma kan na'urar.

Yawancin na'urorin nan da robar PDMS ake yin su, ita kuwa tana shan ruwa a hankali. Ɗigo ya tsuke, gishirin ciki ya yi yawa, alhali maganisiyam ba ya son wasa, ƙari kaɗan ya isa ya rage aikin ribosom. Jiƙa na'urar a ruwa ta kwana, ko ka kwashe ɗigogin zuwa siririn bututun gilashi ka toshe bakinsa. Sai dai ka tuna GFP ba ya haske sai ya samu oksijin, don haka ka bar isasshen mai tare da su, tunda man mai fulorin yana riƙe iskar da yawa.

Akwai kuma sakacin da ya fi yawa. Da zarar DNA ya shiga haɗin, aiki ya fara. In sirinjin da ke ɗauke da haɗin ya yi awa guda a kan tebur kana daidaita gudun ruwa, makamashin yana ƙonewa a banza. Sanyaya sirinjin, ko ka shigar da DNA ta wata hanya dabam, DNA da haɗin su gamu daf da inda ɗigo ke tsinkewa.

In hasken ya tashi sannan ya tsaya bayan 'yan awanni, wannan ba matsala ba ce. Rufaffen ɗigo abincinsa ƙarewa yake, fosfet kuma ya taru ya kame maganisiyam. A 2004 Noireaux da Libchaber na Jami'ar Rockefeller sun kai aikin kwana huɗu ta hanyar huda bango da furotin alfa-hemolisin, amma nasu bangon kitse ne mai ruɓi biyu, da ruwan abinci a waje. Ɗigon da ke cikin mai ba shi da wannan gata. In dogon aiki kake so, sai ka mayar da ɗigoginka irin waccan jakar kitsen.