Hukuncin Cin Abinci A Gidajen Abincin Birnin Paris

Darasinmu na wannan mako ya shafi Musulmin da tafiya ta kai shi Faransa, ko don ilmi, ko fatauci, ko neman magani, yunwa ta kama shi a unguwannin da baƙi ke cincirindo a Paris, kamar titin Shanzelize da tudun Montmartre da gindin hasumiyar Eiffel. A irin waɗannan wurare gidajen abinci a jere suke, ma'aikata cikin gaggawa suke, takardar abinci kuma da Faransanci take. Sai kunya ta sa mutum ya nuna da yatsa, ya ci abin da bai sani ba. To, a sani kunya ba uzuri ba ce a shari'a. Abubuwa uku ya wajaba ya bincika.

Na farko shi ne alade da jini, waɗanda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Sau da yawa ba a ambaton sunan alade, watau porc, a takardar. Jambon cinyarsa ce, lardons ƙananan yankan namansa ne masu kitse da ake barbaɗawa a salak da cikin quiche lorraine, saindoux kitsensa ne, boudin noir kuwa jini ne aka ɗura cikin hanji. Cire naman daga kwano ba ya halatta sauran, domin kitsensa ya riga ya ratsa miyar.

Na biyu shi ne giya, wadda aya ta 90 ta wannan sura ta umurce mu da nisantarta. Faransawa da giyar inabi suke dafa shahararrun abincinsu, kamar coq au vin, watau zakara cikin giya, da boeuf bourguignon na naman sa. Kayan zaƙi ma ba su tsira ba, kamar baba au rhum da crêpes Suzette. Wasu sukan ce ai wuta tana ƙone giyar. Binciken da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka kunna mata wuta yakan riƙe kashi 75 cikin 100 nata, wanda kuma ya yi awa biyu da rabi yana dahuwa yakan riƙe kashi 5. Ban da haka, a mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce, abin da aka dafa da ita ya najastu. Haka nan Tirmizi ya ruwaito hani a kan zama bisa teburin da ake shan giya a kansa.

Na uku shi ne yanka, a nan ne kuwa malamai suka yi saɓani. Aya ta 5 ta Ma'ida ta halatta abincin Ma'abuta Littafi, Ibnu Abi Zaidin ma a Risala bai ga laifin yankansu ba. Alƙali Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 1148, ya faɗaɗa har ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya, amma mafi yawan malamai ba su bi shi ba. Matsalar ita ce dokar Faransa ta tilasta a sumar da dabba kafin yanka, sa da bindiga a goshi, kaji da lantarki, in ban da yankan Musulmi da na Yahudawa da aka keɓe. Dabbar da ta mutu kafin wuƙa ta taɓa ta mushe ce, mai cin abinci kuwa ba shi da hanyar tantancewa, bai kuma san addinin mahaucin ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya koya mana cewa barin shubuha shi ne tsare addini da mutunci.

To, me zai ci ke nan? Kifi da duk abin da ke cikin teku halal ne ba tare da yanka ba, kamar yadda aya ta 96 ta nuna, muddin ba a dafa da giya ba. Ga ƙwai, ga burodi, ga ganye. Ko cinyar kwaɗo da Faransawa ke alfahari da ita Malikiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana. Doka ta wajabta wa gidajen abinci kafa takardar abincinsu a waje, saboda haka ya karanta tun daga ƙofa, ya tambayi ma'aikaci a fili: akwai alade, akwai giya?

Kada kuma wani ya fake da lalura. Rangwamen aya ta 173 ta Suratul Baƙara na wanda yunwa za ta halaka ne. Paris kuwa tana da Babban Masallaci tun 1926, da gidan abinci a jikinsa, kuma tun 1994 gwamnati ta ba shi ikon tantance masu yankan Musulunci, sannan masallatan Lyon da Évry a 1996. Wanda tafiyar rabin awa a jirgin ƙarƙashin ƙasa za ta kai shi ga halal ba matsattse ba ne. Allah ne mafi sani. Allah ya tsarkake mana abincinmu, ya karɓi addu'o'inmu, amin.