Sauti Tsantsa, Ma'aunin Mai Gyaran Lasifika

Galibin amfilifayar da ake kawo mini gyara a nan Dakoro ta masallaci ce, kuma kukan masu ita ɗaya ne, wato murya ta dushe har na nesa ba ya rarrabe haruffan mai karatu. Alhali kuwa iyakar gwajin da yawancinmu ke yi bayan gyara shi ne a hura makirfo a ce "alo, alo", ko a kunna waƙa, wadda yawan kiɗanta ke rufe kowane aibi.

Abin da ya kamace mu shi ne sauti tsantsa guda ɗaya, mai kaɗawa sau 1000 a daƙiƙa, domin mai awo wajibi ne mudunsa ya zama ba shi da lotsawa. Na'urar da ke ba da shi ba ta fi ƙarfin talaka ba. Asalinta gadar lantarki ce da Bajamushe Max Wien ya tsara a 1891. Wajen haɗa ta, a sami rezista biyu masu om 16,000 da kafasita biyu masu nanofarad 10, a haɗa su da 'yar ƙaramar amfilifaya mai lamba TL072, sai sautin ya fito daf da 1000 ɗin nan. Wahalar tana wajen ƙarfin da TL072 ke ƙara wa sautin, wanda tilas ya tsaya a ninki uku daidai, domin idan ya gaza sautin ya mutu, idan kuwa ya zarce sai ya gurɓace. Hikimar da William Hewlett ya kawo a Amurka a 1939 ita ce ɗan ƙwan fitila, wanda duk sa'ad da sauti ya yi yawa zarensa kan ɗauki zafi ya tauye wutar, na'urar ta daidaita kanta. Ni da batir nake ciyar da tawa, saboda gurnanin da wutar gari kan shigar.

Idan ka sa wannan sauti kana ƙara murya sannu a hankali, akwai wurin da za ka ji ya fara zuza. To, nan ne haddin amfilifayar, kuma ƙetare shi ne ke ƙona lasifika. Ka yi alama da fenti a jikin maɓallin, kada kuma ka bar sautin ya daɗe da ƙarfi.

Ina roƙon dattawan kwamitocin masallatai, tun azumi bai ƙarato ba, ku sa a gwada muku kayanku haka, sannan ku nuna wa ladan alamar.