Katin Bashi Da Gyaran Banki: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Auna Kafin Ya Zaɓa

NASKO, Jihar Neja. A kasuwannin ƙasar Kontagora, kamar sauran kasuwannin Arewa, mai sayen hatsi ba ya tashi daga gaban ma'auni sai ya nemi gyara. Mai awo yakan ƙara masa ɗan tafi guda, su rabu kowa yana murna, alhali kuwa dukansu sun san cewa an riga an lissafa gyaran a cikin farashi. Irin wannan gyara ne bankuna ke tallatawa a yau idan suna neman 'yan kasuwa su karɓi katinsu, watau alkawarin mayar wa mutum wani ɗan kaso na abin da ya kashe, ko ba shi maki, ko rangwame a wasu shaguna.

Ga ɗan kasuwar Nasko, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Magama, batun kati ya wuce na ado. Dillalin masara da dawa, da mai sayar da taki da maganin feshi, da mai motocin ɗaukar kaya tsakanin Salka, Auna, Ibeto da Kontagora, duk suna kashe kuɗi kullum a kan man fetur, gyaran mota, buhuna da abincin yara. Yawo da tsabar kuɗi a hanyoyin wannan yanki kuwa ya zama kasada saboda 'yan bindiga. Bugu da ƙari, ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya koya wa kowa cewa ciniki na iya tsayawa cik idan tsaba kaɗai aka dogara da ita.

Kati iri uku ne

Abu na farko shi ne a rarrabe katunan, domin jama'a kan kira su duka da suna ɗaya, watau katin ATM. Akwai katin ajiya, wanda ke cire kuɗi kai tsaye daga asusun mai shi, kuma shi ne ya fi yawa a hannun 'yan Nijeriya. Akwai katin da ake zuba wa kuɗi tukuna, wanda ba ya kashe fiye da abin da aka zuba masa. Sa'an nan akwai katin bashi, wanda banki ke biya a madadin mutum har zuwa wata iyaka, daga baya ya nemi kuɗinsa.

Katin bashi ya samo asali ne daga Amurka, inda aka kafa Diners Club a 1950, sa'an nan Bankin Amurka ya fito da BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. A Nijeriya kuwa, harkar kati ta bunƙasa ne bayan kafa kamfanin Interswitch a 2002 da fitowar katin Verve a 2009. Babban Bankin Nijeriya ya soma shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, kuma a watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da katin ƙasa mai suna AfriGo. Duk da haka, katin bashi bai yaɗu ba kamar na ajiya, kuma bankuna sun fi ba da shi ga ma'aikata masu albashi da kamfanonin da suka san shige da ficen kuɗinsu.

Daga ina gyaran yake fitowa?

Banki ba ya kyauta don Allah. Gyaran da yake bayarwa yana fitowa ne daga aljihu uku: la'adar da mai shago ke biya duk lokacin da aka sayi kayansa da kati, da kuɗin da ake caji don riƙe katin, da kuma kuɗin ruwan da masu jinkirin biya ke zubawa.

A Amurka, la'adar da mai shago ke biya takan kai kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, shi ya sa bankunan can ke iya mayar wa mai kati kaso mai kauri. A Nijeriya kuwa, ƙa'idar cajin bankuna da Babban Banki ya fitar don aiki daga Janairun 2020 ta ƙayyade wannan la'ada a rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kada ta wuce Naira 1,000. Tun da tukunyar ƙarama ce, abin da za a ɗiba a ba mai kati ba zai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ga an yi masa alkawarin gyara mai yawa, ya kamata ya tambayi inda za a fanshe.

Lissafin da ke raba gardama

A ɗauka, don misali kawai, wani mai motocin haya yana kashe Naira miliyan biyu a wata da katin bashi, kuma bankin yana mayar masa da kashi ɗaya cikin ɗari. Gyaransa ya kama Naira 20,000. Idan ya biya bashin gaba ɗaya kafin wa'adi ya cika, wannan kuɗi nasa ne, sai dai a cire kuɗin riƙe kati.

To, a ɗauka kuma kuɗin ruwan katin kashi uku ne cikin ɗari a wata, shi kuwa ya biya kashi goma kawai na bashin, watau Naira 200,000. Ragowar Naira 1,800,000 za ta haifi ruwan Naira 54,000 a wata guda. Ya karɓi 20,000 da hannun dama, ya miƙa 54,000 da hannun hagu, hasararsa ta zama Naira 34,000. Har ila yau, kashi uku a wata ya fi ƙarfin yadda yake a kunne, domin idan ruwa yana hawa kan ruwa, a shekara yakan haura kashi 42 cikin ɗari.

Kuɗin ruwa a ƙasar nan ba shi da sauƙi. A watan Nuwamban 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bashin da ba shi da jingina, irin na kati, a kullum ya fi sauran tsada. Hausawa sun ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya.

Wannan lissafi ya fi shafar dillalan hatsi. Wanda ya sayi masara da kaka don ya ajiye zuwa bazara yana bukatar jarin wata shida, shi kuwa katin bashi an yi shi ne don makonni kaɗan. A bisa misalin da ya gabata, bashin wata shida zai ƙaru da fiye da kashi 19 cikin ɗari, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. Idan farashi ya faɗi maimakon ya tashi, kamar yadda ya faru ga masu ajiyar masara a 2025, sai uwa da riba su tafi tare, bashi kuma yana nan.

Tambayoyin da za a yi wa banki

Kafin a sa hannu a takarda, akwai abubuwa shida da ya wajaba a ji amsarsu a rubuce. Na farko, kwana nawa ne wa'adin da ba a cajin ruwa, kuma daga wace rana ake fara ƙirga? Na biyu, nawa ne kuɗin ruwa a shekara, da tarar jinkiri? Na uku, nawa ne kuɗin bayar da kati da na riƙe shi?

Na huɗu, mene ne hukuncin cire tsabar kuɗi da katin? Wannan tambaya ita ce mafi muhimmanci a wuri irin Nasko, inda manomi a kasuwar ƙauye tsaba yake so a hannu. A yawancin katunan bashi, cire tsaba ba shi da wa'adin sauƙi, ruwa kan fara hawa tun ranar da aka cire, kuma ba a ba da gyara a kansa. A ƙara da ladan mai na'urar POS, sai a ga kuɗin ya yi tsada sau biyu.

Na biyar, a ina ake cin moriyar gyaran? Makin tikitin jirgin sama ko rangwamen otal a Legas ba su da amfani ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kontagora, Yawuri da Minna ba. Gyaran da ake mayarwa cikin asusu a matsayin kuɗi, ko rangwamen man fetur, shi ya fi dacewa. Na shida, wa ke ɗauke da bashin, kamfani ko mai shi? Sau da yawa banki kan nemi mai kamfani ya tsaya da kansa. Tun daga watan Agustan 2020 kuma, akwai tsarin da ya ba banki damar karɓar bashinsa daga asusun da mutum ke da shi a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, sa'an nan dokar 2017 ta tanadi kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi. Wanda ya ɓata sunansa a kan ƙaramin bashin kati zai iya rasa babban rance ranar da yake bukatarsa.

Amfanin da ya fi gyara

Babban amfanin katin kasuwanci yana cikin tsari ne. Ɗan kasuwar da ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya buɗe asusu da sunan kasuwancinsa, ya raba kuɗin cefane da na shago, zai riƙa samun takardar bayanin asusu kowane wata, wadda ke nuna masa inda kowace Naira ta tafi. Ita ce kuma shaidar da banki zai duba idan ya zo neman jari.

Dangane da yara da direbobi, katin da ake zuba wa kuɗi ya fi tsaro. Maigida zai zuba wa direba kuɗin mai da na hanya daidai da tafiyarsa, saƙo ya shigo wayarsa duk lokacin da aka taɓa kuɗin. Idan katin ya ɓata ko aka ƙwace shi, hasarar ba za ta wuce abin da ke ciki ba. Bai wa yaro katin babban asusu tare da lambar sirri kuwa daidai yake da ba shi makullin sito.

Akwai kuma 'yan kasuwa da dama da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa saboda addini. Ga irin waɗannan, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Suna ba da katin ajiya, kuma suna sayen kaya su sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka amince da ita tun farko, watau murabaha, wadda ta fi dacewa da sayen taki ko mota.

A taƙaice, katin bashi ya dace ne da wanda kuɗinsa ke dawowa cikin wata guda, kuma ya saba biyan bashin gaba ɗaya a kan lokaci. Wanda cinikinsa na kaka ne da bazara, ko wanda mafi yawan sayayyarsa da tsaba ce, katin ajiya na kamfani da katunan yara masu iyaka sun wadatar da shi. Wanda kuma banki ya cire masa kuɗin da bai gane ba, sai ya fara kai kuka ga bankin a rubuce, idan ba a share masa hawaye ba, ya garzaya sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya.