Darasin Lafiya: Hoton Zuciyar Jariri

Iyaye da kakanni masu kula da mai jego, ku lura da jaririn da ke gajiya a kan nono: ya tsotsa kaɗan ya saki yana haki, goshinsa na gumi, nauyinsa ba ya ƙaruwa. Idan numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya alhali yana kwance shiru, ko leɓɓansa suka yi shuɗi, wataƙila zuciyarsa ce ta kasa tura jini. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya.

Likita kan nemi hoton zuciya da ake kira eko. Irin sikanin da ake yi wa mai ciki ne: babu allura, babu zafi. Yana nuna ko akwai huji tsakanin ɗakunan zuciya, ko wata jijiya ta tsuke, da ƙarfin bugun zuciyar. Da shi likita ke zaɓar magani, kamar mai rage ruwan da ya taru a huhu, ko tiyata. Akan maimaita hoton don a ga ko maganin yana aiki.

Ana yin eko a Korle Bu da Komfo Anokye. Kada a jira suna ko arba'in. A kai jariri asibiti mafi kusa a ranar.