Darasi Na Tara: Inda Marubuci Yake Samo Abin Rubutawa

Gabatarwa

Sau da yawa idan malami ya ce a rubuta insha'i, sai ka ga ɗalibi ya riƙe biro ya yi tagumi, har lokaci ya ƙure bai cika rabin shafi ba. In an tambaye shi dalili, sai ya ce ba shi da abin faɗa. Wani kuwa sai ya haddace insha'in da ya gani a littafi, ya zo ya juye shi a jarrabawa, ko ya dace da tambaya ko bai dace ba. Dukansu biyu asara suke yi, domin maki ya tafi, Hausarsu kuma ba ta ƙaru ba.

Wannan darasi zai nuna maka cewa abin rubutawa yana kusa da kai. Yana cikin aljihunka, yana madafin gidanku, yana kuma kan hanyar da kake bi in za ka gaida dangi. Abin da ake bukata gare ka shi ne ka duba da kyau, ka yi tambaya, sannan ka rubuta abin da ka gano kafin ka manta. Za mu gwada wannan dabara a kan takardar kuɗi da ƙwarya da kuma tafiya.

Takardar naira ashirin

Nemi takardar naira ashirin ka shimfiɗa ta a kan teburinka. A yau ba ta sayen abin kirki, amma akwai labari mai yawa a jikinta. A fuskarta za ka ga hoton wani soja. Wane ne shi? Shi ne Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga watan Yuli na 1975 zuwa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, lokacin da aka kashe shi a Legas. A shekarar 1977 aka fara fitar da naira ashirin ɗauke da hotonsa.

Yanzu juya bayanta. Za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Wace ce ita? Ita ce Ladi Kwali, maginiya daga garin Kwali a ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane da hannu irin na gargajiya. Takan gina tulu da randa, ta ƙawata su da zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi da tsuntsu. Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen ya buɗe a Abuja, ita ce kuma mace ta farko da ta shiga. An nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Ga wata tambaya da mai lura zai yi: me ya haɗa soja da maginiya a takarda guda? Bincike zai nuna maka cewa akwai zaren da ya ɗinke su. Gwamnatin Murtala ce ta yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa tsakiyar Nijeriya a 1976. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin Abuja inda Ladi ta yi aiki kuma ya koma Suleja. Garinsu Kwali yana cikin yankin babban birnin tarayya a yau. Ka ga ke nan daga takarda ɗaya ka sami tarihin mutane biyu da labarin yadda gari ya sake suna. Wannan ya isa insha'i mai shafi biyu.

Kada ka tsaya nan. Duba rubutun da ke jikin takardar. Tun daga 2007 ake rubuta darajarta da Hausa da Yarabanci da Ibo. Nemi inda aka rubuta "Naira Ashirin", ka kwatanta da sauran harsunan biyu. In ka sami naira ɗari biyu, za ka ga wani rubutu mai kama da Larabci. Hausa ce aka rubuta da haruffan Larabci, shi ake kira ajami, kuma da shi Hausawa suke rubutu tun kafin zuwan boko. Sai dai ka kula, doka ta hana yin rubutu a jikin naira ko yaga ta. A littafinka za ka rubuta abin da ka gano.

Takardun da ake yarwa

Ban da kuɗi, akwai ƙananan takardu da ake bugawa don amfanin ɗan lokaci, sannan a yar. Daga cikinsu akwai tikitin mota da rasit da katin gayyatar biki da kalandar bara da tsohuwar jaridar da aka ƙunshe ƙosai a ciki. Kowacce tana ɗauke da kwanan wata ko farashi ko sunan gari, waɗannan kuwa su ne ƙashin bayan labari. Tikitin mota zai gaya maka inda aka tashi da inda aka nufa da kuɗin da aka biya. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda ya yi tafiyar da abin da ya kai shi. A nan ne marubucin ƙagaggen labari yake soma aikinsa.

Irin waɗannan takardu sukan bar kalmomi a cikin harshe ko bayan zamaninsu ya wuce. 'Yar takardar da ake liƙa wa ambulan a gidan waya sunanta kan sarki, domin a zamanin mulkin mallaka hoton kan sarkin Ingila ake bugawa a jikinta. Haka kuma jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939 an sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita. Tun 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, amma sunan jaridar yana tuna mana farashin wancan lokaci. Saboda haka ka tambayi iyayenka ko kakanninka ko suna da tsofaffin takardu a akwati. In sun yarda, ka duba su a hankali, ka kwafi abin da ke jiki, ka mayar musu.

Ƙwarya

A bayan takardar naira goma akwai hoton matan Fulani ɗauke da ƙore a ka. Ƙwarya aba ce da ake gani a kusan kowace kasuwa a ƙasar nan, har garin Oyo ya shahara wajen yi mata zane. Daga duma ake samun ta. In duma ya ƙosa ya bushe, sai a fafe shi gida biyu, a kwashe cikin, a kankare, a wanke.

Mai koyon Hausa zai ci riba sosai in ya bi sawun duma, domin kowace siffa da sunanta. Ƙaramar ƙwarya ita ce ƙoƙo, babba ita ce masaki. Da ludayi ake shan fura, a gora ake zuba ruwa, dogon duman da mata suke kaɗawa a lokacin biki kuwa shi ne shantu. Da faifai ake rufe ƙwaryar nono. In ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, gyartai ake kai wa ya ɗinke. Ka ga daga abu ɗaya ka koyi kalmomi bakwai ko takwas, kuma da wuya ka manta da su, domin kowacce tana tare da abin da idonka ya gani.

Magabata ma daga kayan gida suka ƙago hikimominsu. Sun ce, "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe," wato kowa ya yi hulɗa da daidai shi. A kacici-kacici kuma akan ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Amsa ita ce tsintsiya. Wanda ya fara faɗin haka tsintsiyar da kowa ke shara da ita ya kalla, sai dai ya fi sauran mutane lura.

Tafiya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da wannan karin magana Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa na 1944 suna. A cikinsa ya ba da labarin tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Cikin abokan tafiyarsa har da Nnamdi Azikiwe, wanda hotonsa yake kan naira ɗari biyar. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, mai hoto a kan naira biyar, shi ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Labari ne na yaron da aka ƙetare hamada da shi a zamanin bauta, mahaifiyarsa ta bi sawunsa tana nema.

Ba sai ka je Ingila ba kafin ka rubuta labarin tafiya. Wanda ya tashi daga Ibadan ko Inugu ya nufi Kano zai ga ƙasa tana sauya kama ta tagar mota. Kurmi da kwakwar manja za su yi ta raguwa, kaɗanya da ɗorawa da kuka su yi ta ƙaruwa. In ta Lakwaja aka bi, zai wuce garin da kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Abincin da ake talla a tasha ma yana sauyawa, haka gaisuwa da sutura da ginin gidaje.

In kuma doguwar tafiya ba ta samu ba, gajera ta wadatar. Akwai unguwannin Hausawa a garuruwan kudu da yawa, kamar Sabo a Ibadan da Agege a Legas da Ama Hausa a Owerri. Je ka tare da wani babba, ka yi sallama, ka gaida mai shago da ladabi, ka ce, "Baba, don Allah mene ne sunan wannan da Hausa?" Ka rubuta amsar nan take.

Yadda za ka mayar da lura rubutu

Ka tanadi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu. Duk abin da ya ja hankalinka, ka rubuta kwanan wata da wurin, sannan ka yi masa waɗannan tambayoyi: Mene ne? Wa ya yi shi? Daga ina ya zo? Yaushe? Yaya ake amfani da shi? Don me? Ka tuna cewa Hausa tana bambanta jinsi a tambaya. Ga namiji akan ce "Wane ne?", ga mace "Wace ce?", ga jam'i kuma "Su wane ne?"

Kwatanta waɗannan rubuce-rubuce biyu:

(a) Na je tasha. Tashar tana da kyau. Akwai mutane da yawa. Na ji daɗi ƙwarai.

(b) Da asuba muka isa tasha. Kamasho yana ta kiran fasinja da shaƙaƙƙiyar murya. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗin mota sau biyu, sannan ta miƙa. Da aka ba ta tikiti, sai ta ninke shi huɗu ta ɗaure a inda kuɗin suka fito.

Na farko zai dace da kowace tasha a duniya, don haka bai gaya wa mai karatu komai ba. Na biyu ya nuna mutum da abin da ya yi, har mai karatu zai so ya san inda tsohuwar ta nufa. Kalmomin (b) ba su fi na (a) wuya sosai ba. Bambancin shi ne mai (b) ya tsaya ya duba.

Ma'anar kalmomi

tagumi: dafe kunci da hannu saboda tunani ko damuwa
maginiya: macen da sana'arta ita ce ginin tukwane
randa: babbar tukunyar ajiye ruwa
fafe: yanka duma gida biyu don a yi ƙwarya
akushi: mazubin abinci da aka sassaƙa da ice
ƙagaggen labari: labarin da marubuci ya ƙirƙiro
kamasho: mai nemo wa mota fasinja a tasha

Tambayoyi

1. Wace ce Ladi Kwali, kuma a wace shekara ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane?
2. Bayyana abin da ya haɗa mutane biyun da ke jikin naira ashirin.
3. Don me ake kiran 'yar takardar gidan waya kan sarki?
4. Kawo abubuwa huɗu da ake samu daga duma, ka faɗi amfanin kowanne.
5. Me ya sa rubutu na (b) ya fi na (a) armashi?

Aikin gida

1. Zaɓi abu ɗaya daga madafin gidanku, ka yi masa tambayoyi shida da aka kawo a darasin nan, ka rubuta amsoshin cikin cikakkun jimloli.
2. Nemi tsohon tikiti ko rasit ko katin gayyata, ka liƙa shi a littafinka, ka rubuta labarin mai shi cikin jimloli goma sha biyar.
3. Rubuta insha'i mai kalmomi 150 a kan wata tafiya da ka taɓa yi. Ka ambaci abu biyu da ka gani da abu ɗaya da ka ji an faɗa.